Tsaraba Daga Kura: Dukiyar Da Muka Kusa Tsallakewa A Ƙofar Gida

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman makarantar kwana ya san cewa komawa ba ta cika sai da tsaraba. Mu ma da muke jami'a ba mu tsira ba. Ana gab da ƙarewar hutun da ya wuce, mu uku 'yan yankin Kura da Bunkure muka zauna shawarar abin da za mu kai wa abokan ɗakinmu, waɗanda wasunsu daga kudancin ƙasar nan suka fito. Shawarar farko ita ce shinkafa, tunda da ita aka san mu. Ta biyu ita ce mu shiga birni mu sayo kofunan roba da maƙalan makulli masu ƙyalli. Sai kakar ɗayanmu ta tambaye mu ko a cikin waɗannan kayan akwai wanda hannun ɗan garinmu ya yi. Muka yi shiru. Wannan tambayar ce ta sa muka shafe kwana uku muna yawon kasuwa da gidajen masu sana'a.

Kafin shinkafa, akwai baba

Yau idan aka ambaci Kura, abin da ke zuwa zuciya shi ne shinkafa da tumatir da noman rani. Amma wannan sabon labari ne. Sai da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya fara bin hanyoyin da aka gina zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kafin nan, abin da ya kai sunan Kura nesa shi ne rini.

A Kura ake yin turkuɗi, wato wani baƙin yadi mai sheƙi da ake yin rawani da mayafi da shi. Saboda shahararsa har sunan garin ya bi shi, ana cewa ɗan Kura. Manyan masu sayensa su ne Buzaye na Agadas da sauran garuruwan Sahara, waɗanda ke kiransa alasho, suna naɗa shi ranar biki. Shunin da ke jikinsa yakan kama fatar mai sa shi, abin da ya sa Turawa suke yi wa Buzaye laƙabi da shuɗɗan mutane. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wani masanin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, Philip Shea, a kan wannan sana'ar ta rini ya yi digirinsa na uku.

Yadda ake yin sa

Mun samu shiga wani gida da har yanzu ake aikin. Masaƙa ne ke fara saƙa farin yadi siriri ƙwarai, a ɗinke shi layi-layi har ya yi faɗi. Daga nan sai marina. A cikin karofi, wato ramin rini, ake haɗa baba da ruwan toka, a bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, idan aka tsamo yadi daga karofi ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne. Sai iska ta buge shi yake komawa shuɗi a gaban idonka. Masu karatun kimiyya, ga darasinku a fili: iskar oksijin ce ke haɗuwa da rinin ta sauya masa launi ta kuma kafe shi a jikin zare. Ana ta tsomawa ana shanyawa har yadin ya yi baƙi ƙirin.

Mataki na ƙarshe shi ne bugu. A shafa wa yadin garin shuni, a shimfiɗa shi a kan gungume, mabuga su yi ta dukansa da manyan guduma na itace har ya ɗauki sheƙi kamar ƙarfe. Daga nesa kana jin sautin kamar kiɗa.

Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin aljihunmu bai kai ga turkuɗi ba. Bayan mun ga hannu nawa ya bi, ba mu ga tsadarsa ba. Abin da ya dame mu daban ne: kusan duk waɗanda muka tarar a bakin aikin sun haife mu. Sa'o'inmu suna gona, ko injin shinkafa, ko kan babur.

Abin da muka koya a kasuwa

Daga nan muka koma kasuwa, layin masu kayan hannu. Ga faifai, ga tabarmar kaba, ga malafa, ga mafici, ga ƙwarya da ludayi, ga tulu da randa. Ga kuma abin da muka tsinta game da rabe na ƙwarai:

Faifai da tabarma: juya bayansu ka duba. Saƙar da ta matsu, ba ka hango haske ta cikinta, ita ce mai ƙarko. Ka lura ko da kaba da ciyawa aka yi, ko zaren buhu aka cusa.

Tulu da tukunya: ƙwanƙwasa da yatsa. Wanda ya gasu sosai yana ba da sauti garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

Ƙwarya: ɗaga ta sama ka duba tsaga ko hujin ƙwaro. Zanen da aka yi da wuƙa ko ƙarfe mai zafi kana jin sa da yatsa, ba ya gogewa kamar fenti.

Kayan fata: shinshina. Fatar da majema suka jeme tana da ƙanshinta, roba kuwa warin roba take.

Turkuɗi: duba siraran layukan da aka ɗinke, ka taɓa kaɗan, shuni zai kama yatsarka. Yawan layukan ne ke ƙara masa daraja.

Sai ciniki. Gaisuwa ce farko. Ka ce wa dattijo Baba, ka ce wa dattijuwa Inna ko Iya, ka tambayi kasuwa kafin ka tambayi kuɗi. Idan ka taya aka ce maka albarka, ba kora ba ce, ƙari ake nema. Idan aka sallama maka kuwa, kada ka juya baya, don hakan rashin mutunci ne. Mu ma mun yi kuskure: mun tsaya muna ja da wata dattijuwa a kan faifai, sai ta gaya mana kwanakin da ta yi tana saƙa shi. Da muka raba kuɗin da muka taya a kan kwanakin, kunya ta kama mu. Alhali a kanti ba ma neman ragin ko sisi a kan kayan roba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Darasi daga Faransa

A Faransa, baƙi kan cika kasuwannin ƙauye don neman kayan hannu, kuma abin da suke biya shi ne sunan garin da aka yi kayan. A birnin Marsai akwai kasuwar 'yan mutum-mutumin yumɓu da ake ci tun 1803. A 2014 ƙasar ta yi dokar da ta ba masu sana'ar hannu damar yi wa sunan yankinsu rajista, kuma a 2017 tangaran na garin Limoj ya samu wannan kariya, ta yadda wanda aka yi a wani wuri ba zai ari sunan ba. Mu kuwa kakanninmu sun kafa sunan ɗan Kura tun babu wata doka, ingancin aikinsu kawai ya tsare shi. Idan masu aikin suka ƙare babu magada, sunan zai bi su.

Ƙannenmu, ga naku

Ba sai kuna da kuɗi da yawa ba. A hutu mai zuwa, ku tambayi iyaye ko wace sana'a aka san gidanku da ita kafin zuwan ruwan Tiga. Ku roƙi malamin tarihi ko na kimiyya ya kai ajinku marina, ko ta Kura ko ta Ƙofar Mata a birni. Mai waya ya nemi izinin mai sana'a kafin ya ɗauki hoto, ya kuma faɗi garin da aka yi kayan idan zai saka a intanet. Wanda ke da sha'awa ya zauna ya koya ranar Asabar, don boko ba ya hana sana'a.

Mu dai mun koma makaranta da faifai huɗu, mafici uku da ƙwarya mai zane. Abokiyar karatunmu da muka ba ƙwaryar ta rataye ta a bango, ta kuma ce idan an yi hutu sai mun kai ta inda aka yi ta. Mun yi mata alkawari, kuma mun fara tara kuɗin turkuɗi.