Gani Ya Kori Ji: Ziyarar Ɗaliban Zane-zane Zuwa Gidajen Tarihi na Kaduna

Gabatarwa

A kowace shekara makarantun sakandare na birnin Kaduna sukan yaye ɗalibai waɗanda suka yi shekara uku a manyan azuzuwa suna koyon zane-zane. Yaro zai iya kawo sunan Nok da Ife da Binin a takardar jarrabawa, amma in aka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikin kayayyakin waɗannan wurare, sai ya sunkuyar da kai. Abin mamaki kuwa shi ne, tsakanin makarantarsa da inda aka ajiye su sau da yawa tafiyar ɗan lokaci ce a mota. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wuraren da ya kamata a kai irin waɗannan ɗalibai a arewacin kogin Kaduna, da abin da za su tarar, da kuma yadda za a shirya tafiyar don kada ta zama yawon shan iska.

Gidan Tarihi na Ƙasa

Zango na farko shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu. An buɗe shi a shekarar 1975, a ginin da a dā ya kasance ofishin jam'iyyar NPC. Yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Babban abin da ɗalibin zane zai tsaya a kansa a nan shi ne mutum-mutumin Nok. Nok wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928. A shekarun 1940 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya lura cewa kawunan da ake tonowa a wurare dabam-dabam aikin al'umma ɗaya ne, sai ya laƙaba musu sunan ƙauyen. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna cewa wannan al'umma ta faro ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, aikin mutum-mutumin kuwa wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

To, me ɗalibi zai gani a nan wanda littafi bai nuna masa ba? Hoto fuska ɗaya yake nunawa, kuma ba ya faɗin girma ko kauri. Wanda ya matsa kusa zai ga cewa yumɓu ne aka cakuɗa da tsakuwa, aka gina shi da rami a ciki kamar yadda mata ke ginin tukunya, sa'an nan aka gasa. Zai ga idanu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido da hanci da baki, wadda take taimaka wa tururi ya fita lokacin gashi don kada aikin ya fashe. Zai kuma ga irin kitso da tsakiyar da aka ƙawata kawunan da su. Watau dai darasin da malami ya yi mako guda yana fama da shi a kan allo, ido zai kama shi nan take.

A harabar gidan akwai rumfunan masu sana'o'in hannu. Lalle ne a bar ɗalibai su zauna da su, su gaishe su da ladabi, su tambayi sunayen kayan aiki, domin wanda ya ga yadda ake riƙe wuƙar dukanci ya fi wanda ya ga jakar da aka gama.

Gidan Arewa

Zango na biyu shi ne Gidan Arewa da ke kan titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kuma nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mai da wurin cibiyar binciken tarihi bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ban da hotuna da kayayyakin da suka shafi rayuwar Sardauna, akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗalibin zane da tsofaffin takardu? Amsa ita ce, rubutun hannu shi kansa fasaha ne. Malaman ƙasar Hausa da na Barno su suke fiƙe alƙalaminsu, su dafa tawadarsu, su ƙawata shafi da zayyana mai launin ja da rawaya. Ɗalibin da ya dubi yadda aka daidaita layi da layi ba tare da na'ura ba, ya sami darasin tsari da ma'auni daga kakanninsa.

A hanyar komowa ana iya tsayawa a dubi ginin majalisa na Lugga mai babbar ƙubba, da kuma 'yar gadar ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Duka biyu sun dace da gwajin zanen gine-gine.

Shirin Tafiya

Da farko, malami ya riga ɗalibai zuwa, ya nemi izni a rubuce, ya san abin da ke kowane ɗaki. Na biyu, a karkasa yara ƙungiya-ƙungiya, kada kowace ta wuce mutum goma, domin taron da ya cika ɗaki ba ya ganin komai sai ƙeyar juna. Na uku, kowane ɗalibi ya riƙe fensir da littafin zane, ya zaɓi abu ɗaya ko biyu ya zauna ya zana. Na huɗu, a gargaɗe su kada su taɓa kayan, domin gumi da maiƙon hannu suna ɓata tsohon abu, kuma kada su ɗauki hoto sai da izni. Bayan an komo, kowa ya rubuta abin da ya gani da Hausa, a kafa zanensu a bangon aji a tattauna.

Akwai wata matsala da bai kamata a ɓoye ba. Waɗansu iyaye sukan ƙi barin 'ya'yansu su je, suna cewa gidan gumaka ne. Ya wajaba makaranta ta girmama wannan damuwa, ta yi musu bayani tun da wuri cewa nazari ne ya kai yara, wato sanin yadda mutanen dā suka sarrafa ƙasa da ƙarfe. Bugu da ƙari, yawancin fasahar Bahaushe ba ta da siffar mai rai. Aska takwas a gaban riga, da dagi a bangon soro, da zanen ƙwarya, da bakan gizo irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, duk lissafi ne da tsari.

Kammalawa

A 1897 sojojin Ingila suka kwashe kayan tagulla na fadar Binin, sai a 2022 Jamus ta fara maido da waɗanda suka faɗa hannunta. A shekarun 1990 kuwa an yi ta tono kayan Nok ta ɓarauniyar hanya ana sayarwa ƙasashen waje, wannan karon da hannun 'yan ƙasa waɗanda ba su san darajar abin da suke sayarwa ba. Wanda bai san abu ba, ba zai yi kishinsa ba. A 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don a riƙa haɗa dabarun zamani da fasahar gida, kuma sun zama manyan masu zane na Nijeriya. Ba mamaki magajinsu yana zaune yau a wani aji a Unguwar Rimi ko Kawo ko Unguwar Sarki. Haƙƙin malamansa ne su kai shi ya gani da idonsa.