Idan injin mota ya buga, dila ya ce ba ruwansa

Mafi yawan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Haɗejiya, Malam Madori, Kafin Hausa da Guri na hannu ne. Wasu an shigo da su daga Turai da Amurka, su ne ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, wasu kuma sun riga sun ci hanya a nan gida kafin su kai hannun mai su na yanzu. Mutum zai sayar da shinkafar da ya noma a fadama, ko ya tara ribar kifi ta shekaru, ya nufi Kano ya sayi mota. Dila zai dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ka je ka hau, na ba ka garantin wata uku a kan inji da giya." Bayan 'yan makonni injin ya buga a hanya. Da an koma, sai magana ta sauya: "Ai ku mutanen Haɗejiya ne, ruwa ka shiga da ita." A nan yawancin masu saye ke sallamawa, su ce ƙaddara ce, su ci bashi su sayi wani injin.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kankare haƙƙi. Kuma wannan rigima ba ta cikin waɗanda sai Allah kaɗai ya san gaskiyarsu, domin kowace irin mutuwar inji tana barin alamarta a jikin ƙarfe.

A fara da hujjar dila, wato ruwa, don ba a banza yake kawo ta ba. Haɗejiya na zaune a bakin kogin da ke kwaso ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama a fadamun da suka miƙa har Nguru. A daminar 2022 ambaliya ta ci ƙauyuka a Auyo, Kirikasamma, Kafin Hausa da maƙwabtansu, ta yanke hanyoyi, mutanen garin Haɗejiya suka yi ta cika buhuna da yashi don kare jinga. Direban da ya kutsa ruwa mai zurfi a irin wannan lokaci zai iya kashe injinsa cikin daƙiƙa guda. Dalili shi ne fistin yana matse iska da mai a cikin silinda har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan injin ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iskarsa, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya ba da hanya, sai sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta huda jikin injin. Wannan ɓarna a bayyane take. Za a ga matatar iska ta jiƙe ko ta yi laka, a ga sanda a lanƙwashe, a ga ruwa a ramin fulogi, kuma injin yakan tsaya ne nan take a cikin ruwan ko a bakinsa. Idan haka aka samu, gaskiya tana wajen dila, mai mota ya haƙura.

Tsohuwar cuta kuwa dabam take. Injin da ya shekara ana wasa da sauya masa baƙin mai yakan tara baƙar dasƙararriyar laka a ƙarƙashin murfinsa da cikin tukunyar mai. Lakar tana toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, man ya daina isa inda karanshaf ke juyawa, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe har metal ya cinye. Wannan laka ba ta taruwa a mako uku, sai an yi dubban kilomitoci. Haka nan injin da ya taɓa yin zafi ya ƙone gasket: kan silinda yakan ɗan karkace, ruwan lagireto ya riƙa silalewa cikin mai, man ya koma kalar madara. Makaniki mai ido zai gane sabon gam a inda aka taɓa buɗewa, ya gane notin da ya sha sufana. Akwai ma masu zuba mai mai kauri fiye da ƙima don ya danne ƙarar inji har a gama ciniki. Sannan motar da ruwa ya ci ba lallai a Jigawa ya ci ta ba. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston ta Amurka, kuma irin waɗannan motoci sukan bi ta gwanjo su fita ƙasashen waje. Tsatsa a ƙarƙashin kujera, busasshiyar laka a akwatin fis, warin danshi a kafet, duk suna nuna tsohon ruwa. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda a motocin Amurka ake iya bincika tarihinsu da ita ta intanet.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Da mota ta tsaya, sai a ja ta zuwa gareji mafi kusa, yara su farke injin, a zubar da man a ƙasa, a wanke komai da fetur, a sayar da abin da ya lalace ga 'yan gwangwan. Da hannunsa mai mota ya shafe shaidarsa, ya kuma ba dila hujja ta biyu: "Wa ya ce ka buɗe ba da sanina ba?" Abin da ya kamata shi ne a sanar da dila a ranar, a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, a ɗauki hoton lambar kilomita, a bar injin a rufe. A buɗe shi a gaban wakilin dila da makanikin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ana ɗaukar bidiyo. A tari man a galan mai tsabta, a ajiye matatar iska da ta mai da duk abin da aka cire. Idan dila ya ƙi zuwa, ƙin nasa ma a samu shaida a kai.

Doka tana tare da wanda ya yi haka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 132 duk cinikin kaya yana ɗauke da garantin inganci ko ba a furta ba, kuma mai saye na iya mayar da kaya cikin wata uku idan ba su cika sharaɗin ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sashe na 145 ya ɗora wa ɗan kasuwa nauyin kawo hujja idan aka yi zargin kayansa na da aibi. Ke nan cewa "ruwa ka shiga" ba ta wadatar ba, sai ya nuna. Ba wanda zai nemi motar da ta shekara goma sha biyar ta zama sabuwa, taya da birki dole su ƙare. Amma injin da aka ce lafiyayye ne ya mutu da cutar da ya zo da ita, wannan magana ce ta haƙƙi.

Shari'ar Musulunci ma ta daɗe da magana a wannan fage. Malaman Malikiyya, a littattafan da almajirai ke karantawa a zaurukan Haɗejiya irin su Risala da Muhtasar, sun tabbatar da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da ya riga ciniki kuma mai saye bai san da shi ba. Idan mayarwa ta gagara, ana ƙiyasta abin da aibin ya rage na daraja a biya shi. Hadisi ingantacce ya yi hukunci a kan dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, aka ba shi damar mayar da ita. Zuba mai mai kauri don ɓoye ƙarar inji algus ne irin wannan. Wanda ya san aibi ya ɓoye, faɗin "saye da gani" ba ya wanke shi. Alƙali kuma yakan nemi masana sana'ar su faɗa ko aibin tsoho ne ko sabo, shi ya sa ajiye kayan injin ke da muhimmanci.

Matakan neman haƙƙi a jere suke. A fara da takardar koke ga dila, mai ɗauke da ranar ciniki, alkawarin da aka yi, abin da makaniki ya gano da abin da ake nema. In bai saurara ba, a kai ga shugabannin ƙungiyar dillalan mota na wurin da dillalin da ya ci la'ada, domin sulhu ya fi sauri kuma ya fi araha. In ya faskara, akwai FCCPC da ke karɓar koke har ta intanet, akwai kotun majistare da kotun shari'a.

Sai dai rigakafi ya fi magani. Kada a biya ko da kafin alƙalami sai makanikinka, ba na dila ba, ya duba motar tun da sanyin safiya kafin a ɗumama ta. A karɓi rasit mai lambar shasi da lambar inji. Garantin kuma a rubuta shi: wata nawa, me ya ƙunsa, me ke soke shi, wa zai biya kuɗin jan mota daga Haɗejiya zuwa Kano, wane gareji za a buɗe ta. Kunya ce ke hana mutanenmu neman takarda, kamar neman ta zargi ne, alhali addini da kansa ya yi umarni a rubuta bashi. Dilan kirki ba ya tsoron rubutu, domin shi ma yana kare shi daga mai sayen da ya kutsa kogi ya dawo yana neman a biya shi. Ya kamata ƙungiyoyin dillalai da na makanikai a Haɗejiya su zauna su fitar da takardar ciniki guda ɗaya da Hausa, wadda kowa zai sa wa hannu kafin mabuɗi ya sauya hannu, su kuma ware amintattun makanikai da za a riƙa kira idan an yi saɓani.