Sharhi: Abin da ke sa shafukan intanet nauyi a Maiduguri da hanyoyin sauƙaƙa su

Duk lokacin da aka buɗe rajistar ɗalibai, ko aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, ko aka sanar da ɗaukar ma'aikata, shagunan kwamfuta na Maiduguri kan cika maƙil. Matasa su yi layi riƙe da takardunsu, mai shago ya danna, shafi ya yi ta juyawa, daga bisani ya fito da saƙon kuskure. Amsar da aka saba ji ita ce: "Netwok ne." Sai dai sau da yawa laifin ba na layin sadarwa kaɗai ba ne, har da yadda aka gina shafin tun farko.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Wanda ya taso daga Bama ko Monguno domin cike fom ya kashe kuɗin mota da na data, kuma idan wa'adi ya cika bai samu shiga ba, sai ya jira wata shekarar. Saboda haka duk mai gina shafin da jama'ar Borno za su yi amfani da shi, ya kamata ya sa abu uku a ransa: hanya tana da nisa, wuta da layi ba su da tabbas, kuma jama'a kan zo ne a lokaci guda.

Nisan da saƙo ke tafiya

Idan mutum ya buɗe shafi a wayarsa, buƙatarsa kan tafi ne zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke haɗa amsa ta maido. Shafuka da yawa na Najeriya suna ajiye ne a sabobin da ke Turai ko Amurka. Daga Maiduguri zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, ya haura kilomita 1,500 ta hanyar mota. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal ya kai kimanin kilomita 7,000.

Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Ke nan zuwa da dawowa na kilomita 17,000 ba zai gaza milisakan 85 ba, wato kashi 85 cikin dubu na daƙiƙa, ko da babu cunkoso ko kaɗan. Wannan a ido ƙaramin abu ne, amma kafin shafi ya buɗe sai an yi irin wannan kai da komo sau da dama: neman adireshi, ƙulla haɗi, tabbatar da tsaro, sannan ɗauko hotuna da sauran fayiloli. Idan aka haɗa da raunin layin waya, sai jiran ya koma daƙiƙoƙi masu yawa.

Bayan nisa akwai rashin tabbas. A watan Mayun 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a Borno na tsawon watanni. A watan Janairun 2021 mahara sun rusa turakun babban layin lantarki na Damaturu zuwa Maiduguri, aka gyara a watan Maris, aka sake lalata shi bayan 'yan kwanaki. Dogon duhun da ya biyo baya ne ya kai ga gina tashar gas mai ƙarfin megawat 50 da kamfanin NNPC ya yi, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2023. Haka kuma a ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu a gaɓar Afirka ta Yamma ta jefa bankuna da masu amfani da intanet a faɗin Najeriya cikin matsala.

Randa a kusa ta fi rijiya a nesa

Babbar dabarar da masu sana'ar ke amfani da ita wajen rage wannan wahala ita ce ma'ajiyar wucin gadi. Misalinta kamar randa ne a tsakar gida: ba duk wanda ya ji ƙishirwa ke tafiya rijiya ba, ana ɗebo ruwa sau ɗaya a zuba, kowa ya sha daga nan. A harkar shafi, rijiyar ita ce rumbun bayanai, randar kuwa ita ce kwafin amsar da aka riga aka haɗa aka ajiye a kusa.

Ajiyar tana da matakai uku. Na farko yana cikin wayar mai karatu. Saba na iya gaya wa burauza, ta hanyar umarnin Cache-Control, tsawon lokacin da za ta riƙe fayil ba tare da sake nemansa ba. Tambarin makaranta da fayilolin kwalliyar shafi ba sa canzawa kullum, don haka ana iya ba su wa'adin watanni, har zuwa shekara, muddin ana sauya sunan fayil duk lokacin da aka gyara shi. Akwai kuma alamar ETag, wadda da ita burauza ke tambaya ko fayil ya canza. Idan bai canza ba, saba ta amsa da lamba 304 kawai, ba a sake cin datar mai karatu ba.

Mataki na biyu shi ne kamfanonin rarraba shafuka, irin su Cloudflare, masu ajiye kwafi a birane daban-daban na duniya, har da Legas. Kwafin da ke Legas ya yanke tafiyar teku gaba ɗaya. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006, ita ma aikinta ke nan: saƙon da ya taso daga cikin ƙasa zuwa cikin ƙasa kada ya zagaya ta Turai.

Mataki na uku yana cikin sabar kanta. Yawancin shafukan rajista ana gina su ne a kan ginshiƙan manhaja da aka riga aka tanada, kamar Ruby on Rails da ya fito a 2004, Django na 2005, da Laravel na 2011. Kowannensu yana da hanyar ajiye amsa a manhajoji irin su Memcached, da Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003, ko Redis, da Salvatore Sanfilippo ya fitar a 2009. Su biyun suna riƙe bayanai ne a ƙwaƙwalwar gaggawa ta kwamfuta, inda ɗaukowa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Jerin ƙananan hukumomi 27 na Borno, sunayen tsangayoyi da jadawalin kuɗin makaranta, duk abubuwa ne da babu dalilin tambayar rumbu a kansu sau dubu a rana.

Inda ajiyar ke zama matsala

Ruwan da ya daɗe a randa yakan gurɓace. Idan hukuma ta ƙara wa'adin rajista amma shafi ya ci gaba da nuna tsohuwar rana, ajiyar ta zama sanadin ruɗani. Dole kowane abin da aka ajiye ya kasance da wa'adi daidai da yanayinsa: sanarwa mintuna kaɗan, jerin ƙananan hukumomi kwanaki. Mafi inganci shi ne a tsara manhajar ta yadda da zarar an gyara bayani a rumbu, za ta goge tsohon kwafin nan take.

Haɗari mafi girma shi ne ajiye shafin da ya ƙunshi bayanan mutum ɗaya a ma'ajiyar da kowa ke ɗiba. A ranar 25 ga Disamba, 2015, kuskuren saitin ajiya ya sa masu amfani da kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam suka riƙa ganin shafukan asusun wasu mutane. Kamfanin Valve ya ce abin ya shafi kimanin mutum 34,000. A Maiduguri, inda kwamfuta guda a shago kan yi wa mutane da dama aiki a yini ɗaya, wannan haɗari ya fi kusa. Sakamakon jarrabawa, lambar NIN, bayanan biyan kuɗi da na asibiti, duk ya kamata a sa musu umarnin hana ajiya. Ban da kunya da zubewar mutunci, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan alhakin tsare su.

Matsala ta uku ita ce rububi. Idan wa'adin kwafin da dubban mutane ke nema ya ƙare a tsakiyar cunkoso, dukkan buƙatun sai su afka wa rumbu a lokaci guda, ya durƙushe. Maganinsa shi ne a bar buƙata ɗaya ta sabunta kwafin yayin da sauran ke karɓar tsohon na ɗan lokaci, a kuma bambanta wa'adin abubuwan da aka ajiye don kada su ƙare tare. Kafin a sanar da fitar sunaye a rediyo, ya dace a riga an haɗa shafin an ajiye shi.

A auna kafin a gyara

Ajiya ba ta warkar da manhajar da aka rubuta da sakaci, ɓoye ciwon kawai take yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yi wa rumbu tambaya ɗaya-ɗaya. Shafin da zai nuna ɗalibai 500 tare da sashen kowannensu na iya aika tambaya 501: ɗaya ta jerin sunaye, 500 na sassa. Django da Laravel da Rails duk sun tanadi hanyar ɗauko su a tambaya ɗaya ko biyu. Haka nan idan ana neman ɗalibi da lambar rajistarsa alhali ba a yi wa wannan gurbi fihirisa ba, rumbun zai bi layukan ne ɗaya bayan ɗaya har ya same shi.

Sai nauyin shafi. Hoto mai megabayit 3 a layin da ke ba da megabit 1 a daƙiƙa zai ci daƙiƙa 24 kafin ya sauka. Idan aka rage shi zuwa kilobayit 200, bai kai daƙiƙa 2 ba. Mai gina shafi da ke gwaji a ofis mai intanet mai ƙarfi ba zai taɓa ganin wannan ba, sai ya gwada da ƙaramar wayar Android a bayan gari, ko ya rage gudun layi da gangan a kayan gwajin burauza.

Idan shafi ya tsaya, lambar kuskuren da ya nuna ita ce farkon bincike. Lamba 404 na nufin ba a samu abin da aka nema ba. Lamba 500 na nufin manhajar kanta ta yi tuntuɓe. Lamba 502 da 504 na nuna cewa sabar da ke gaba ba ta samu amsa mai kyau ba, ko ba ta samu a kan lokaci ba, daga wadda ke bayanta. Lamba 503 kuwa galibi alamar cunkoso ce ko gyara. Daga nan sai a buɗe kundin da saba ke rubuta duk abin da ya faru, a dubi lokacin da matsalar ta fara, a tambayi abin da aka canza gab da lokacin. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ana aunawa.

Akwai tarkuna biyu da sababbin shiga ke yawan faɗawa. A Laravel, idan an riga an ajiye saitin manhaja a ma'ajiya, gyaran da aka yi a fayil ɗin saiti ba zai yi aiki ba har sai an sabunta ajiyar. A Django kuma, barin yanayin gwaji a kunne bayan an buɗe shafi ga jama'a yana sa duk kuskuren da ya auku ya baje bayanan cikin manhaja a gaban kowa.

Haka kuma wajibi ne a tabbatar cewa duk sabobin da ke aiki tare suna ɗauke da sigar manhaja iri ɗaya. A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya nemi afuwa a bainar jama'a, inda ya bayyana cewa gyaran da aka yi wa manhajar jarrabawa bai hau wasu sabobi yadda ya kamata ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ne aka nemi su sake rubuta jarrabawar. Abin bai shafi Borno ba, amma darasin na kowa ne.

Shirin ranar da layi ya ɗauke

Ma'aikatan agaji a Arewa maso Gabas sun daɗe suna amfani da manhajoji irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda ke ba da damar cike fom ba tare da intanet ba, su aika da shi idan an samu layi. Burauzojin zamani ma suna da wannan damar. Fom mai tsawo ya kamata ya riƙa adana abin da aka cike mataki-mataki, don kada ɗaukewar wuta ta mayar da mutum farko. Shafin biyan kuɗi kuma ya kamata ya gane buƙatar da aka maimaita, domin wanda ya danna sau biyu saboda jinkiri kada a cire masa kuɗi sau biyu.

A ƙarshe, ma'ajiyar wucin gadi ba madadin ajiyar dindindin ba ce. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ta mamaye sassa da dama na Maiduguri, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Kasuwar Monday. Hukumar da sabarta da kwafin bayananta ke ɗaki ɗaya, a irin wannan rana za ta iya rasa duka biyun. Ya kamata a riƙa ajiye kwafi a wani gari daban, a kuma riƙa gwada maido da shi lokaci zuwa lokaci, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko zai yi aiki ba.

Ga shugabannin makarantu da ma'aikatu da ke ba da kwangilar gina shafi, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata su yi kafin su karɓi aiki: mutum nawa shafin zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma an gwada? Daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya buɗe a ƙaramar waya? Waɗanne bayanai ake ajiyewa na wucin gadi, waɗanne aka hana? Kuma wa za a kira idan ya tsaya da tsakar dare ana saura kwana ɗaya a rufe rajista?