Taffy Abel: ɗan wasan hokin Amurka da ya ɓoye asalinsa har ya yi ritaya

A watan Janairun 1924, lokacin da aka buɗe gasar Olamfik ta hunturu ta farko a garin Chamonix na ƙasar Faransa, wani ƙaton saurayi mai suna Clarence Abel ne ya riƙe tutar Amurka. Akwai abin da bai bari jama'a suka sani ba: mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ojibwe ce, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar.

An haife shi a 1900 a Sault Ste. Marie da ke jihar Michigan, daf da iyakar Kanada, inda ruwa ke daskarewa watanni da dama. A irin wannan daskararren fili ake buga hokin ƙanƙara: mutum shida-shida, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ana kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Laƙabin Taffy kuwa sunan wata alewa ne da yake so tun yana yaro.

A Chamonix, Kanada ta doke Amurka da ci 6 da 1 a wasan ƙarshe, Abel ya koma gida da lambar azurfa. A 1926 sabuwar ƙungiyar New York Rangers ta ɗauke shi zuwa babbar gasar ƙwararru ta NHL, wadda a lokacin kusan duk 'yan wasanta 'yan Kanada ne. Ɗan baya ne, mai nauyin kusan kilo 100, ba mai yawan zura ƙwallo ba. Aikinsa shi ne tare hanya da jiki, shi da abokinsa Ching Johnson.

An ga amfanin hakan a wasan ƙarshe na kofin Stanley na 1928 a Montreal. Mai tsaron ragar Rangers, Lorne Chabot, ya ji rauni a ido, ga shi babu wanda zai maye gurbinsa. Dole kocin ƙungiyar, Lester Patrick, mai shekara 44, ya shiga raga da kansa. Abel da Johnson suka tsare gabansa, aka ci shi sau ɗaya kacal, Rangers ta yi nasara a wannan dare, daga baya kuma ta ɗaga kofin. Abel ya koma Chicago Black Hawks a 1929, ya sake cin kofin a 1934, sannan ya yi ritaya.

Duk tsawon wannan lokaci ana kallonsa a matsayin Bature. Danginsa sun ce gudun wariya ne ya sa aka yi shiru, kuma tsoron yana da dalili: zamani ne da hukumomi ke raba yaran waɗannan ƙabilu da iyayensu, a kai su makarantun kwana inda ake hana su yin harshensu. Sai bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1939 ya fara faɗin asalinsa a fili.

Wannan shirun ya cuce shi a tarihi. Idan ana maganar waɗanda suka karya shingen launin fata a NHL, an fi ambaton Willie O'Ree, baƙar fata na farko, wanda ya shiga a 1958, shekara 32 bayan Abel. Abel ya rasu a 1964. A 1973 aka sa sunansa cikin rukunin farko na zauren gwarazan hokin Amurka, kuma filin wasan jami'ar garinsu yana ɗauke da sunansa.