Hoton Ciki: Shin Na'urar Tana Ƙona Jariri?

Uwargida, idan kin zauna layin awo a Babban Asibitin Maƙarfi ko na Ikara, ko a Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, da wuya ki rasa mai cewa ita kam ba za a ɗora mata na'ura a ciki ba, wai wutarta tana dafa jariri. Wata kuma uwar miji ce ta hana. Tsoron yana da tushe, sai dai an haɗa abubuwa biyu ne da ba su da dangantaka.

Hoton ƙashi, wato eksire, wanda aka gano a Jamus a 1895, shi ne mai aiki da haske mai ƙarfi da ke ratsa jiki, kuma idan ya yi yawa yana iya taɓa ƙwayoyin halitta. Shi ya sa ake so ki faɗa wa likita kina da juna biyu, ko kina zaton haka, kafin a yi miki shi. Amma sikanin ɗin ciki babu wannan haske a cikinsa ko kaɗan. Sauti ne.

Kin taɓa leƙa rijiya kika yi magana, muryarki ta dawo miki? To wannan amsa-kuwwar ita ce dukkan sirrin. A cikin ɗan abin nan da ma'aikaciya take gogawa a cikinki akwai wasu ƙananan duwatsu da suke kaɗawa idan lantarki ya taɓa su, sai su fitar da sauti. Kunnen ɗan'adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa wannan yana kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5, don haka ba kya jin komai. Sautin yana tafiya cikin tsoka da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Duk inda ya ci karo da wani abu, ƙashin kai ne ko zuciya, sai wani sashe nasa ya dawo. Na'urar tana lissafa lokacin da ya ɗauka, ta san nisan abin, ta zana shi a allo. Ƙashi yana fitowa fari domin yana mayar da sauti sosai, ruwa kuwa baƙi domin sautin wucewa yake yi. Da irin wannan hikima Allah Ya hore wa jemage gane hanyarsa cikin duhu. Wani likitan mata a Gilasgo ta Birtaniya, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta ga likitanci a 1958.

Man nan mai sanyi da ake shafa miki ba magani ba ne. Iska ce take tare sautin, shi kuma yana kore ta tsakanin na'ura da fata. Ruwan da akan ce ki sha idan cikin yana ƙarami, don mafitsara ta cika ne, ta ture hanji gefe, mahaifa ta fito sarai. Ki daure da matsin fitsarin, na ɗan lokaci ne.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Da shi ake sanin watannin cikin na gaskiya, da ko tagwaye ne. Idan ciki ya tsufa yana nuna kwanciyar jariri, da ko mabiyiya ta sauko ta tare hanya, abin da kan jawo zubar jini mai hatsari. Matar da ke ƙauye nesa da titi, sanin wannan da wuri shi ke ba maigida damar tanadin mota da kuɗi da mai ba da jini, maimakon a tashi neman su da tsakar dare. Sai dai ba na goyon bayan yawan zuwa don kawai a ji mace ce ko namiji. Sautin yana iya ɗan ɗumama tsoka, don haka a bar shi ga lokacin da ma'aikatan lafiya suka buƙata.

Akwai kuma MRI, wadda akan tura mutum manyan asibitoci a Zariya, Kaduna ko Kano dominta. Ita ma babu hasken eksire a cikinta, da maganaɗisu da igiyar rediyo take aiki a kan ruwan da ke jikinki. Maganaɗisun yana da ƙarfin fizgo ƙarfe daga nesa, saboda haka ki cire 'yan kunne, awarwaro da fil ɗin gyale, kuma idan an taɓa sa miki ƙarfe a jiki wajen tiyata, ki faɗa tun kafin ki shiga ɗakin.