Yadda Tsohon Faifan Garmaho Ke Komawa Kasuwa

Duk wanda ya girma a Makoda ko Dambatta zamanin da rediyon Kaduna ke tashe ya ji sautin faifan garmaho, ko da gidansu ba su taɓa mallakar injin ba. Kaset ya zo ya ture faifai, sidi ya ture kaset, yau kuma waƙar kowa tana cikin wayarsa. Mu a nan mun ɗauka an gama da faifai. Sai ga shi a 2022 an sayar da shi a Amurka fiye da sidi, abin da rabon da a gani tun 1987. Cikin abin da masu saye ke farauta har da kiɗan rawa na Najeriya na shekarun 1970 da 1980. Kamfanin Soundway na Ingila, alal misali, ya tattara disko na wancan zamani ya fitar a 2016 da sunan Doing It in Lagos.

Arewa ma ba a bar ta a baya ba. Bala Miller, wanda ya kafa ƙungiyar Pyramids a Kaduna, yana haɗa jita da kayan busa da ganguna yana rera waƙa da Hausa. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya saka waƙarsa "Ikon Allah" a tarin Nigeria 70, shekara biyu kafin rasuwarsa, daga baya kuma aka sake buga faifansa na 1979 a Turai. Matasan da ba su san ina Kaduna take ba suna taka rawa da shi, jikokin waɗanda suka saurare shi a gida kuwa da yawa ko sunansa ba su sani ba.

Aiki biyu ake yi wa tsohuwar waƙa, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko gyaran sauti ne kawai: a rage ƙarar ƙura da ƙarce, a daidaita nauyin ganga, amma waƙar tana nan yadda mai ita ya bar ta. Na biyu sake haɗi ne, kuma daga gidajen rawa na New York ya samo asali. Waƙar minti uku ta yi wa masu rawa kaɗan, sai irin su Tom Moulton suka riƙa tsawaita wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai, su jinkirta shigowar murya. A 1976 kamfanin Salsoul ya fitar da "Ten Percent" a haɗin Walter Gibbons, a kan babban faifai mai inci 12. Dalilin girman shi ne, idan waƙa ɗaya ce a fuska guda, layin da allura ke bi yakan samu fili, sai ganga ta fito da ƙarfi.

Sake haɗi na gaske sai da uwar tef, wadda aka ɗauki murya daban, jita daban, ganga daban. In babu ita, faifan da ya rage tamkar fura ce da aka riga aka dama: ba mai raba gero da nono. Akwai manhajojin kwamfuta da ke ƙoƙarin rabawa yanzu, amma kunnen da ya saba yakan gane. A nan matsalarmu take. Yawancin uwayen tef na Najeriya sun ɓata, ko zafi da danshi sun cinye su. Wanda aka samu ma wani lokaci ya yi danƙo, sai an gasa shi a ɗan zafi na tsawon sa'o'i kafin ya yarda a juya shi. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke neman faifai guda mai tsabta su kwafa daga gare shi. Daga nan a yanka sautin a kan faranti mai laushi, a yi masa kwafin ƙarfe, a danna shi a kan narkakkiyar roba.

Wani lokaci ma kaset ɗaya kan isa. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a Yamai a 1978, aka yi kwafi ƙalilan. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da guda a Yamai, ya nemi mai kiɗan, aka buga faifai a 2013. A shekarar ne kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, shi ma a faifai.

Neman mai kiɗan nan shi ne abin dubawa, don ba kowane mai bugawa ke yi ba. Mallakar faifai ba mallakar waƙa ba ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kariyar sautin da aka ɗauka shekara 50 ce, ta waƙar kanta kuwa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan ɗaukar da aka yi a shekarun 1970 ta fara fita daga kariya, amma magadan Shata, da ya rasu a 1999, ko na Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, haƙƙinsu na nan daram. A ganina iyalan mawaƙa su ne farkon waɗanda ya kamata su san wannan, kuma kada su sa hannu a takardar da ba a karanta musu ba.

Wanda ke da tsofaffin faya-fayai a adakar tsoho kuwa, kada ya yi gaggawar ba 'yan gwangwan. A jera su a tsaye, ba a kwance ba, nesa da zafin kwanon rufi, don robar na lanƙwashewa. A goge da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ban da kananzir. Kwalin ma a adana, domin a jikinsa ake samun sunan kamfani, shekara da sunayen makaɗa, kuma da su ake gano wanda za a biya.