Uwargida, Tukunyar Gas Ɗinki A Buɗe Take Ko A Rufe? Ido Ya Kamata Ya Gaya Miki

An idar da sallar isha'i, an ci tuwo, yara sun baje a tabarma, ke ma kin kwanta. Can sai zuciya ta ce: "Wai na rufe gas kuwa?" Duk macen da ke girki da gas ta san wannan tambayar. Daga Rano zuwa Kibiya, gidaje da dama sun ajiye risho sun rage hura itace, sun koma tukunyar kilo 3, kilo 6 ko kilo 12.5. Girki ya yi sauƙi, amma an shigo da wani abu cikin gida da ba ya yafe mantuwa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. Masu nutso a ƙarƙashin teku, waɗanda ke goya tukunyar iska a baya, rayuwarsu na rataye ne a kan ɗan marfin da ake murɗawa a kan tukunyar. Wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya san ruwa mai zurfi ba abin wasa ba ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Idan marfin ya buɗu rabi kawai, iska za ta zo daidai a sama, amma a ƙasa sai numfashi ya gagara. An yi asarar rayuka ta haka. Shi ya sa aka ƙera marfi mai alama: idan an buɗe shi gaba ɗaya sai ya nuna kore, idan an rufe ya nuna ja. Mai nutso da abokin tafiyarsa kallo ɗaya za su yi su sani.

Darasin da ke ciki shi ne kada a dogara da "ina jin na rufe". A sa ido ya gani.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka idan ya zubo ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru daidai inda yara ke barci. Asalinsa ba shi da wari. Kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya gane. A lokacin hunturu kuwa, da ake rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, ga mura ta toshe hanci, haɗarin ya fi yawa.

Yau ɗin nan, ki duba kan tukunyarki da rana tsaka. Babbar tukunya yawanci tana da regileta mai ɗan hannu da ake juyawa, kuma da yawansu na da zanen harshen wuta ko rubutun ON da OFF. A kula: launin ba ɗaya ba ne a kowane kamfani, a wasu ma ja ne ke nuna a buɗe take. Ki san taki. Ƙaramar tukunya mai murhu a kai kuwa marfi ne kawai, ana rufe shi ta murɗawa dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Idan babu alama ko ta goge, ki rufe shi, ki ɗiga jan farce a kan marfin, ki ɗiga wani a jikin ƙarfen daidai da shi. Duk lokacin da ɗigon biyu ba su haɗu ba, ba a rufe take ba. Ki nuna wa maigida, da kishiya idan kuna girki wuri ɗaya, da ’yarki da ta fara ɗora sanwa.

Wajen kunnawa, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki buɗe gas. Wajen kashewa, ki fara rufewa daga tukunya, ki bar wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan ki rufe kan murhu. Tukunya ta zauna a tsaye, nesa da gawayi da rana.

Duk ranar da aka yi ɗuri aka dawo da ita, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo. Idan kumfa na hurowa, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Tiyon da ya tsage ko ya bushe a canja shi, kada a ɗaure da leda ko roba. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotsa a rabu da ita, kuma a riƙa ɗuri a wurin da ke da lasisi. A watan Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon ɗuri a Sabon Tasha da ke Kaduna, aka rasa rayuka, ciki har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam.

Idan kin ji warin gas, kada ki taɓa makunnin lantarki, kada ki kunna fanka ko tocila a wurin. Ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara. Sai kin fita waje za ki kira maƙwabta ko lambar gaggawa ta 112.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ki kwanta yau, ki leƙa kicin ki kalli alamar da idonki. Ki kuma gaya mana irin alamar da kika sa wa taki tukunyar, wata ’yar’uwa za ta ƙaru. Allah Ya tsare mana iyalanmu.